Yaya Habu da Birkin Babur ɗin Maigidana

Yau shekara goma sha ɗaya da rasuwar wana, Yaya Habu, mai gyaran babur a Ƙofar Ruwa. Na lura kullum aka ambace shi a gidanmu, dariya ce take riga ƙwalla zuwa.

A shekarar da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula karo na ƙarshe, maigidana, wanda malamin firamare ne, ya sayo wani ƙaton babur ɗan Kwatano. Muna zaune a Zaitawa, ina da cikin fari wata shida, kuma a kan babur ɗin yake kai ni awo asibiti. Ran da ya kai wa Yaya don ya sa albarka, Yaya bai ko kalli fentin ba. Ya matsa hannun birki, ya dafa tiyon robar da man birki yake bi zuwa ƙafar gaba, ya ji yana kumbura a ƙarƙashin yatsansa. Sai ya zare makullin ya jefa aljihu.

Malam ya dawo gida a ƙafa, gumi sharkaf. Ya ce Yaya ya ce robar ta tsufa, idan ta yi zafi birkin zai yi laushi, kuma ƙanwarsa ba za ta sake hawa ba sai ya sa tiyon silba, irin wanda aka saƙa masa rigar ƙarfe mara tsatsa. A lokacin samunsa sai an sha yawo. Kwana tara Yaya yana bin rumfunan kayan gyara da zare a aljihu, wanda ya auna tsawon tsohon tiyon da shi. Kwana taran nan Malam yana zuwa makaranta a sayyada, yana mita.

"Rabi, soja ma ya haƙura ya miƙa mulki, amma wanki ya ƙi miƙa makulli," in ji shi.

Da Yaya ya samo, a tsakar gidanmu ya yi aikin, wata Juma'a da hantsi. Ya shimfiɗa buhu, ya lulluɓe tanki da tsumma saboda man birki yana cin fenti. Ya tsiyaye tsohon mai, ya cire robar, ya bi da sabon tiyon ta hanyar da tsohon ya bi, da sababbin washa, 'yan zobban jan ƙarfe masu hana yoyo. Ya yi ta juya kan babur hagu da dama don ya tabbatar tiyon ba ya ɗamewa ko gogar wani abu. Da aka zo fitar da iska daga birkin, Malam ya cika gaggawa, sai Yaya ya sallame shi ya kira ni. Aka ajiye mini kujera, ni da ƙaton ciki. Yana tsugune da sifana yana cewa in matsa, in riƙe, in saki, har ƙananan kumfa suka daina fitowa, hannun birkin ya yi tauri a tafina. Ya ce wa Malam da ni ce namijin da tuni ya ɗauke ni aiki.

Bayan sati uku muna dawowa daga awo, daf da Ƙofar Mata, kurar wani mai ruwa ta kufce masa daga lungu, ta shigo titi da jarkoki cike. Na ji ƙirjina ya bugi bayan Malam, babur ya tsaya cak. Tsakanin tayarmu da kurar bai kai taku ɗaya ba. Marina suka taso daga bakin karofi da shuɗin hannuwa suna yi mana barka. Malam ya juya kan babur zuwa Ƙofar Ruwa, ya tsaya ya sayi tsire mai yawa. Yaya ya saurari labarin yana ci, ya ce barkonon ya yi kaɗan.

Cikin nan shi ne Hauwa, wadda yanzu take da 'ya'ya biyu.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga garin yau, adaidaita sahu ta cika titi, samari suna koyon gyara a waya. Ina jin wayar za ta burge shi, don mutum ne mai son sabon abu. Amma na tabbata da a ƙafa zai riƙa yawo, don sai ya taɓa birkin kowane direba kafin ya shiga.

Yaya bai bar gadon gida ba, rumfarsa ma yanzu katin waya ake sayarwa a ciki. Babur ɗin mun daɗe da sayar wa wani mai kawo kayan miya daga ƙauye. Bara Malam ya gan shi a bakin kasuwa an labta masa kwandunan tumatir. An canja inji, an canja tanki, siddin ɗaure da roba, amma tiyon Yaya yana nan yana ƙyalli. Mai babur ɗin bai taɓa jin sunan wanda ya sa shi ba. Malam ya gaya masa, suka ɗaga hannu a wajen suka yi masa addu'a.

Allah ya jiƙanka, Yaya, ya sa kana cikin rahama.