Surukina Sarkin Yaƙi da Kamun Kifina

A wajenmu suruki ba ya ɗaga murya a gaban uban matarsa. Ba ya cin abinci a gabansa, ba ya kiran sunansa, in sun haɗu a hanya sai ya kauce, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa. Waɗanda suka ƙera wasan yaƙin da ake yi a cikin waya ba su san da wannan ba. Da sun sani da sun yi masa maɓallinsa daban.

Shekarar da mai ɗakina ta rasu, gwiwa ma ta ce ta gaji da ni. Na bar wa 'ya'yan ƙanena gona, na koma zaman ƙofar gida ina duba lafiyar awakin mutane. 'Yata ta fari, wadda ke aure a Bacirawa, ta zo ganin gida ta tarar ina yi wa wani bunsuru nasiha. Da ta sake zuwa sai ga ta da babbar waya.

"Baba, zaman shirun nan ya yi yawa," in ji ta. "Ga inda za ka riƙa samun abokan hira."

Wasan wata duniya ce sukutum, da garuruwa da kasuwanni da koguna da dazuzzuka, da dodanni a cikin koguna na dutse. Kowa yana da mutum-mutuminsa da yake juyawa da yatsa, kuma mutanen da ka gani suna yawo a ciki duk masu rai ne, kowa na riƙe da tasa wayar a wani gari. Ana haɗuwa a kafa runduna, a naɗa shugaba, a je a yaƙi dodo. Ta zaɓa mini wani tsoho mai sanda wanda aikinsa ya tsaya a baya yana yi wa masu rauni magani. Karatuna bai wuce na yaƙi da jahilci ba, Turancin wasan kuwa ko oho, amma hoto ba ya buƙatar tafinta. Sai ta yi abin da ya jawo komai: da ta koma gida ta ɗauki wayar mijinta yana wanka, ta shigar da ni rundunarsa.

Mijin nata ɗan kasuwar hatsi ne a Dawanau, mutum mai sanyi. Tun da ya auri 'yata ban taɓa jin muryarsa ta fi ta mai raɗa ƙarfi ba. Ashe a cikin waya shi ne sarkin yaƙi. Shi ya kafa rundunar da hannunsa, ya tara 'yan kasuwa da direbobi da malaman makaranta, har suka shiga sahun gaba a ƙasar nan. Abin da ya fi ƙauna ke nan bayan iyalinsa, kuma ban rantse da jerin ba.

Ban daɗe ba na gane masu wasan iri biyu ne. Akwai irina, waɗanda suka zo shan iska. Ni da na ga kogi sai na nemi ƙugiya. Nakan tsinki ganye a daji, in zaga kasuwa ina taya kayan da ba zan saya ba, in tsayar da baƙo mu gaisa ko da Sinanci yake ji. Akwai kuma manyan mutane, waɗanda Allah ya ɗora wa nauyin ceton duniya daga dodon da in an kashe shi yau, gobe yana nan ya dawo da ƙoshin lafiya. Su ba sa tafiya, gudu suke yi. Sun san nauyin kowane takobi da amfanin kowane zobe. In ka ce musu su kalli yadda rana ke faɗuwa a bayan dutsen can, sai su tambaye ka ƙarfin me take ƙarawa.

Babbansu a rundunarmu wani mai awo ne a Dawanau, wanda ya saba ɗora buhu a sikeli har ya koma auna 'yan Adam. Bayan kowane yaƙi sai ya karanto wanda ya fi sara, da wanda ya fi tare duka, da wanda ya fi magani. Ni ne na ƙarshe kullum, kuma yakan ja sunan mutum-mutumina kamar mai shelar jana'iza.

A garinmu sabis ba ya kamawa sai a gindin wata tsamiya da ke bakin gona, kusa da suri. Duk Juma'a bayan la'asar, lokacin babban yaƙi, nan nake shimfiɗa buzuna. Ana buɗe murya kowa na jin kowa. Ranar farko na yi sallama, na tambayi gajiya, na tambayi iyali, na tambayi yaya ruwa a wajensu, domin mu an kwana biyu ba a yi ba. Kafin in kai kan farashin gero, dodo ya cinye mutum uku.

A nan na fara jin ainihin muryar surukina.

"Kai, hagu! Hagu na ce! Wa ya ce ka taɓa shi? Direba, da ƙafa kake danna wayar? Ku ja baya, ku ja baya, 'yan asara!"

Na ɗaga wayar na duba, ko layi ne ya haɗu da na wani ɗan tasha. Sai aka zo kaina, murya ta faɗi ƙasa kamar an zare wa rediyo batir.

"Baba, Allah ya ƙara lafiya. In da hali, in kuma ba takura, da an ɗan daure an matsa wajen dutsen can, saboda wutar da ke tahowa."

Kafin ya kai ƙarshen ladabinsa wuta ta iso, na ƙone, waɗanda nake yi wa magani suka bi ni.

Wannan bai kai maganar takalmi ba. Mutum-mutumin surukina yana da takalmin ƙarfe, wanda aka ce sai da runduna ta yi wata da watanni tana wahala kafin ya same shi. To duk lokacin da ya matso kusa da tsohona mai sanda, sai ya tuɓe shi. A tsakiyar yaƙi ma haka. Sarkin yaƙi guda yana fafatawa da dodo ƙafa ba takalmi, don uban matarsa yana wurin.

"Shugaba, sa takalminka!" mai awo yakan yi ihu. "Kariyarka ta ragu! Wannan ba zauren gidansu ba ne!"

"Ka yi aikinka," surukina yakan ce a hankali.

"Baba tsoho, don girman Allah kai ka ce masa ya sa!"

Ni kuwa sai in yi gyaran murya in ce ban saba shiga tsakanin mutum da tarbiyyarsa ba. Gaskiya abin yana yi mini daɗi. Tsohon da awaki ma suka daina saurara, ga shi ana tuɓe masa takalmin ƙarfe a gaban jama'a.

Abin ya ƙazanta ranar da na gano wani tafki a cikin kogon dodo. Ana can ana kashe juna, ni na hango kifi mai ruwan zinariya yana iyo. Duk wanda ya taɓa kamun kifi ya san ba a barin irin wannan. Na jefa ƙugiya. Na kama shi kuwa, sai dai da na waiwayo in nuna musu, ba wanda ya rage a tsaye.

Mai awo bai ɓoye ba, a gabana ya faɗa. Gasar ƙarshen damina ta kusa, gurbin mayaƙa ƙididdigagge ne, kuma ba za su shiga da masunci ba. Ko shugaba ya cire ni, ko ya sauka ya ba wanda zai iya. Sauran suka goyi bayansa. Surukina ya ce a ba shi lokaci.

Maɓallin cirewa yana hannunsa, dannawa ɗaya ce. Amma yaya mutum zai kori uban matarsa? Maɓallin fita kuma yana hannuna, na san inda yake sarai. Sai na ce bari in ga gudun ruwansa.

Wata Asabar da hantsi ina zaure sai ga mota ta tsaya. Surukina ya fito, ya tuɓe takalmi tun daga bakin hanya. Tare da shi akwai kawunsa, dattijo mai farin gemu, wanda shi ya karɓa masa aure a wannan zauren. Da na ga an sauke ƙullin goro, ga kawu, ga yaro ya durƙusa can nesa kai a ƙasa, sai na gyara zama. Na ce shi ke nan, auren 'yata ya sami matsala.

Muka gaisa har gaisuwa ta ƙare, muka sake sabuwa. Kawu ya yi ta murza carbi.

"Malam, yaron nan ne ya zo mini da wata magana mai nauyi. Ya ce bakinsa ba zai iya ba."

"Ina ji, Alhaji. Yarinyar ce ta yi wani abu?"

"A'a, lafiya lau suke." Ya waiwaya ya dubi ɗan nasa, ya dawo da kallo kaina. "An ce akwai wani dodo."

"Dodo."

"Haka aka ce mini. Ni ban gan shi ba. An ce kuma akwai wani tafki, kana kamun kifi a ciki. To Malam, ni a sanina ƙasarku ba ruwa, amma ban zo musu ba." Ya sake waiwayawa. "Kai, haka ne ko? Ka sa ni ina zuba kamar mai taɓin hankali."

"Haka ne, Kawu," in ji sarkin yaƙi, da muryar da sauro ma ya fi ta.

"To, roƙon shi ne, in Malam ya ga dama, ko zai ɗan huta ranar Juma'a. Saboda gwiwa."

Na gane sarai. An kawo mini ƙofa har gida, an shimfiɗa mini tabarma a bakinta, an ce bismilla. Da na ce to, da kowa ya tashi da mutuncinsa. Amma daɗin da na ji cewa ba saki ba ne ya hau mini kai, sai shaƙiyanci ya biyo baya.

"Allah sarki," na ce. "Yaron nan akwai tausayi. Ka gaya masa gwiwa ba ta hana ni, ai a zaune nake yi. Ba zan bar shi shi kaɗai a gaban dodo ba ina raye."

Kawu ya ce madalla, ya shafa addu'a, da alama ya ɗauka an daidaita. Na haɗa su da ƙwan zabi. Surukina ya yi godiya har ƙasa, ya ja da baya har mota.

Da suka tafi abin ya ɗan dame ni. Sai na ƙudura cewa ranar gasa zan nuna musu ni ma namiji ne. Na ajiye ƙugiya. Na je kasuwar wasan na musanya duk kifayena, har da na zinariyar, da wata hula mai ƙaho. Ranar Juma'a ban tambayi kowa ruwa ba.

An tsara cewa za a lallaɓa a kewaye dodon yana barci, kowa ya kama wurinsa, sai shugaba ya ba da izini. Ni ban ji wannan ba, domin lokacin da ake bayani wata akuya ta ja mini buzu. Da na ga kowa yana sanɗa kamar ɓarawon kaza, na ce yau ga ranar tsoho. Na yi kabbara, na ruga gaba, na kwaɗa wa dodo sanda a hanci.

"Baba, Allah ya ƙara lafiya, in da hali..."

Bai ƙarasa ba. Ya rugo ya tsaya tsakanina da dodon, kuma ko a wannan halin sai da ya tsaya ya tuɓe takalmi. Ashe sha'anin gwanaye ba gudu ba ne kawai, akwai sauraro, abin da ban taɓa zarginsu da shi ba. Duk kamun kifina bai taɓa kashe runduna da sauri kamar himmata ba.

Nan take aka fitar da mu daga gasa. Can surukina ya yi sallama, ya gode wa kowa, ya ce ya sauka, ya miƙa wa mai awo shugabanci. Mai awo bai tsaya godiya ba. Kafin in ce a yi haƙuri, na ga tsohona a tsaye a bakin ƙofar gari, da hula mai ƙaho, ba runduna. Wannan dai gwani ne, ko kora ma da sauri yake yi.

Jim kaɗan sai ga wani ya bayyana a gefena, ƙafa ba takalmi.

Na kira 'yata na ce ta gaya wa mijinta ya koma, ni na yafe, dama ni na jawo. Ta dawo mini da amsa cewa ya ce ba ya zama a gidan da aka kori Baba. Na ce ta gaya masa ba gida ba ne, waya ce. Ta ce, "Baba, da ka faɗa masa haka ranar da suka zo da Kawu." 'Yar fari ce, ba a musu da ita, sai na tambaye ta yara.

Yanzu duk Juma'a bayan la'asar muna bakin kogi, ni da shi. Yakan tsaya can nesa kaɗan, takalmin ƙarfe a jaka. Na ba shi tsohuwar ƙugiyata na ce ya jefa, ya kalli ruwa, ya huta, ba wanda ke auna kowa a nan. Ya yi ta kallon ruwan har na fara murna.

Makon jiya sai na ji gyaran murya.

"Baba, Allah ya ƙara lafiya. Na ɗan bincika. Ashe masunta ma suna da jeri, kuma muna can ƙasa sosai. In da hali, in ba takura, da an canza wannan tanar, an kuma rage hira lokacin da kifi ke ci."

Na canza tanar.