Eriyar Ba Modu ta karkace

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina buɗe shagon walda yau da safe aka kira ni, wai Ba Modu na Limanti ya rasu. Na daɗe tsaye da makulli a hannu.

In ba ku san sunan ba, kun san gidan, wanda doguwar eriya mai kama da ƙashin kifi take samansa. Dattijon yana da rediyon da ake magana da mutanen wasu ƙasashe, kuma ni na kafa masa ƙarfen da aka ɗora eriyar.

Ranar ɗorawa ba zan manta ba. Ina can sama, shi yana ƙasa kan tabarma da shayinsa yana ba da oda.

"Injiniya, fuskanci alƙibla, sai ka ɗan karkata dama. Can Sudan take."

Yana da aboki a Sudan, wani tsoho da suke gaisawa duk Juma'a bayan la'asar. Shekara da shekaru, ko fuskar juna ba su taɓa gani ba.

Ni kuwa na ga ɓangaren da sandunansa suka fi tsawo, na ce ai nan ne kai. Na ɗaure noti tamau, na sauko ina baza kafaɗa. Ashe bayanta na juya wa Sudan.

Sati guda Ba Modu yana kiran abokinsa, wani mutumin Brazil yana amsawa!

Bai yi faɗa ba. Dariya ya yi har da hawaye, ya ce, "Ka samo min sabon aboki, na gode. Yanzu koma sama ka dawo min da tsohon."

Tun daga nan ban taɓa shiga gidan na fita ban sha shayi ba. Lokacin da injina ya ƙone, janaretonsa ya aiko min har shagona a Bolori, wata biyu bai tambaya ba.

Ganinmu na ƙarshe jiya Talata. Iskar hadari ta karkatar da eriyar, ya ce in zo in gyara kafin Juma'a. Na ce aiki ya min yawa, sai wani satin. Ya ce, "To Injiniya, Allah Ya kai mu."

Wannan maganar tana min ciwo, wallahi.

Ɗazu wajen gaisuwa matarsa, Ya Falmata, ta sa aka kira ni. Ta ce, "Ɗana, tsohon nan na Sudan zai zauna jiransa jibi Juma'a, kuma ba mu da lambar wayarsa. Babagana ya iya rediyon mahaifinsa, eriyar ce kawai."

Gobe da safe zan hau. Alƙibla, sannan dama kaɗan.

Allah Ya jiƙan Ba Modu, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba iyalinsa haƙuri. Don Allah ku saka shi a addu'a, ku haɗa da tsohon da zai kira sunansa ranar Juma'a ya ji muryar ɗansa.