Sunan da Ke Gindin Risho

Mahaifina Mitwalli maƙerin tagulla ne a Tanta ta ƙasar Masar, mutum mai shiru-shiru, mai taurin kan tsiya. Tun da risho ya fashe ya kashe mahaifiyata, bai sake zaman shan gahawa da kowa ba. Shekaru ya yi yana huda tagulla yana zubarwa, har ya ƙera wani ɗan murfi da ke sakin iska kafin tulun kananzir ya kumbura.

A layin maƙera, muddin maigidan da ya koya maka sana'a yana raye, sunansa kake bugawa a kan aikinka. Maigidan Baba, Usta Bayyumi, yana kwance, ko guduma ba ya iya ɗagawa, amma yana numfashi. Don haka sunansa Baba ya buga a gindin kowane risho da ya ƙera da wannan murfi.

Na ce, "Baba, ka sa naka ko a gefe ne."

Ya ce, "Rufe min baki, Nabawiyya. Mutumin da ya ci da ni? Idan ya rasu ma duba."

Da Usta ya rasu, ɗansa Fahami, wanda bai taɓa ƙona ɗan yatsa a maƙera ba, ya ɗauki risho ɗaya ya tafi Iskandariya ya yi rajistar ƙirar da sunan ubansa. Sannan ya kai Baba ƙara, wai yana kwaikwayon aikin ubansa.

Alƙali ya juya gindin rishon ya tambaya, "Wa ya buga wannan suna?"

Baba ya ce, "Ni ne, ranka ya daɗe."

"An tilasta ka?"

"Wa zai tilasta ni? Ladabi ne."

Aka hana shi ƙerawa. A bakin kotu Fahami har hannu ya miƙo masa, ya ce, "Baffa Mitwalli, ka zo ka yi min aiki mana, ai gida ɗaya ne." Har yau in na tuna sai zuciyata ta tafasa.

Baba ya koma facin tukwane. Rishon kuwa ya shiga kowane gida, mata suka daina cewa risho, sai dai bayyumi. Bai taɓa gyara wa kowa ba.

A ciwonsa na ƙarshe ya nemi shayi. Na leƙa tsakar gida na ce wa 'yata, "Kunna bayyumi, kakanki zai sha shayi."

Sai da maganar ta fita na ji abin da na faɗa. Ya daɗe yana kallona, babu fushi a idonsa, kuma hakan ya fi min ciwo. Ya juya fuskarsa bango.

Ya ce, "Ku bar shi, 'yata. Na fasa sha."