Nong Teryo da Fitilarsa ta Man Kwakwa

Duk wanda ya tashi a unguwarmu a garin Danao ya san yadda maƙerin bindiga Nong Teryo Batucan ke buɗe shago. Nong da Noy laƙaban girmama manya ne a wajenmu. Sai ya kurɓi koko mai zafi, ya kunna 'yar fitilar man kwakwa, alhali gari ya waye tas. Baƙin hayaƙinta yake so. Yakan turara haƙoran sakatar bindiga da shi, ya rufe, ya buɗe. Inda baƙin ya goge ƙarfe ya taɓa ƙarfe, inda ya rage kuwa akwai gyara. Daga nan sai goga da hannu, kaɗan-kaɗan.

A tsallaken titi akwai Noy Berting da injinsa na fere ƙarfe. Tun suna samari suke musu.

"Bay, abokina, kana nan kana shafa wa bindiga kwalli?" in ji Berting.

"Ya fi aski irin naka. Abin da ka fere ba ya sake tsirowa."

A bara ne Marivic, 'yar marigayi malamin harbi na garinmu, ta kawo bindigar mahaifinta. Gasar zaɓen 'yan wasan harbi na lardi ta matso, bindiga kuwa sai watsa harsashi take. Ta ce in ba da ita ba, ta haƙura da gasar. Nong Teryo ya turara, ya goge har haƙoran biyu suka zauna daidai. Aka gwada, ba ta daina ba. Bakin gidan sakatar ne ya karkace, abin da hannu ba ya iya miƙewa.

A kan idona ya rungumi bindigar ya tsallaka titin nan.

"Bay, nawa ya ƙare. Saura naka. Amma daga ramin sakata za ka ɗauki saiti, bayan bindigar maƙaryaci ne."

Berting bai yi masa dariya ba. Ya ce, "Tsaya kusa, ka ce mini ya isa."

Nong, kai ne maƙerin da ya fifita bindigar marainiya a kan girman kansa. A ranar na fi alfahari da kai, wallahi.

Bindiga ta gyaru, Marivic ta samu gurbi a gasar. Ta kawo masa takardar da ta auna ta harba, lokacin idonsa ya fara dushewa. Ya laluba da yatsa, ya ji rami ɗaya tak.

"Day, 'yata, harsashi ɗaya kika harba, kika zo yi wa tsoho wayo?"

Ta yi dariya har da hawaye, don duk harsasanta ta ramin nan ɗaya suka bi.

Watan jiya ya rufe shago. Mun gode, Nong, Allah ya ƙara lafiya. Masu sana'a kuma, in aiki ya fi ƙarfinku ku tsallaka titi. Fitilar tana shagon Berting yanzu, shi ke kunna ta kowace safiya.