Zabon da Harsashi Ya Cinye

Abubuwa da yawa na farkon mulkin kai sun shige mini, amma ranar da na fita harbin zabi a dajin Takanamat ba za ta taɓa fita raina ba. Lokacin ina koyarwa a Tawa, wani Bature da zai koma gida ya bar mini bindigarsa da harsasai iri biyu. Kaina ya kumbura, har tafiyata ta sake.

Matata na da cikin fari, duk abin da ta ci sai ya dawo. Kwana uku tana haka, sannan ta ce naman zabon daji kaɗai ranta ke so. Na ce ta ɗauka ta ci an gama. Na nufi wurin kawuna, tsohon maharbi mai bindigar toka, wadda yake ɗura wa dalmar da ya narka da hannunsa.

Kawu ya jujjuya harsasan a tafin hannu. Ya ce mai rufin tagulla har baki zai huda tsuntsu ya wuce, amma mai bakin dalma, ga kuma gudun wannan bindiga, yana taɓa nama zai baje. "Wanga na babban nama na, Mushe, ba na zabo ba." (Mushe shi ne yadda ake kiran malamin boko a can, daga Faransanci.) Ni da na yi karatu har Yamai, wanda bai taɓa riƙe alli ba ne zai koya mini? Mai bakin dalman na ɗura.

Da muka tarar da zabi a daji na auna ɗaya na harba, kuma ban kuskure ba, wannan kam a ba ni. Kawu ya ruga da wuƙa don ya yanka kafin rai ya fita, sai na ga ya tsaya yana dube-dube. Ƙafafu biyu ya tarar, da gashi maƙale a ƙaya.

"Halbi ya yi kyau," in ji shi. "Saura ka gwada min wuyan da za ni yankawa."

Ƙarar ta kori sauran zabin. Muka yini muna yawo, tsoro ya cika ni, don ban san me zan kai wa yarinyar nan ba. Sai bayan la'asar bindigar kawu ta yi tari sau ɗaya, zabo ya faɗi da ɗan rami a ƙirji, aka yanka shi da ransa.

Matata ta sha romo, ya zauna mata. Ta bi maƙwabta tana yabon bindigar mijinta, ni kuwa na bar ta a haka. Tun ranar na san ƙarfin da ya wuce aikinsa ɓarna ne, kuma na daina auna sanin mutum da takardarsa.