Lambar Lawali a Aljihuna

Ranaku da yawa sun wuce ni a wurin aiki ba su bar mini ko alama ba, amma akwai wata Asabar da ko daga barci aka tashe ni zan zayyana ta tiryan-tiryan. Lokacin ana tsakiyar aikin magudanun ruwa na Bakolori, ni kuma ina birkila a rukunin da ke liƙe mahaɗar siminti cikin wani dogon kwalbati. Ku da kuka shigo aikin nan yanzu kuna wucewa ta kan irinsa da babur, ba ku san abin da ke ƙasa ba. Rami ne mai baki biyu, ruwa na bi ta cikinsa ƙarƙashin hanya da wata ƙorama. Mutum na tafiya a ciki a tsaye, amma da ka yi nisa haske zai ɗauke, sai cocila. In ka yi magana, muryarka takan tafi ta dawo da kauri, kamar wani ne can ciki yake kwaikwayonka.

Dokar wurin ɗaya ce. Kowane ma'aikaci yana da 'yar lamba ta ƙarfe. Kafin ka shiga, sai ka rataye ta a ƙusa jikin wani allo da ke bakin ramin. In ka fito, ka cire abarka da hannunka. Shugaban rukuninmu, Helma Mudi, ba ya buɗe ƙofar ruwa sai ya ga allon fayau. Ranar nan kuwa an shirya sakin ruwan gwaji ƙarfe shida na yamma.

Mu uku ne abokai: ni, Bello na Kaya, da Lawali ɗan Bakura. Abin da ya haɗa mu bai wuce kiɗa ba. A shekarun nan garin Mafara ya cika da baƙi, makaɗan zamani kuma sukan zo filin ƙwallo da aka kewaye da langa-langa, da jita da ƙahoni da ganguna da kalangu. Ba irin waƙar da za ka ji farkonta da ƙarshenta ba ce. Kiɗi guda za su kama tun bayan la'asar, su yi ta jan sa suna miƙa wa juna, mai jita ya gaji ya bar wa mai ƙaho, har ka manta da wane suka soma. Mu dai ba ya wuce mu. Mawaƙinsu ya san mu, kuma duk zuwa sai ya kira sunayenmu ɗaya bayan ɗaya, wanda aka kira ya ɗaga hula ya ce na'am. Don wannan na'am ɗin kawai Bello yake wanke hularsa.

Son kiɗan ne ya koya mana wata dabara. Ɗaya bakin ramin ya fi kusa da titi, don haka ranar wasa Lawali yakan fita ta can ya tari mota ya riga mu, ya kama mana wuri kusa da makaɗa. Ni kuma in cire masa lambarsa tare da tawa, in kai masa filin. Mun yi haka ya fi a ƙirga, har muna ganin kanmu masu wayo. Ranar ma da muka tashi ƙarfe uku, na zare lamba biyu na zuba a aljihu, ko waiwaye ban yi ba.

Da muka isa filin ba mu ga Lawali a wurin da ya saba tsayawa ba. Ban damu ba, jama'a ta yi yawa, na ɗauka turereniya ta kai shi wani gefe. Kiɗi ya kankama. Ranar sun zo da wani sabo da ba mu taɓa ji ba, mai sanyi, ƙaho na hawa yana sauka a hankali. Can wajen ƙarfe biyar ganguna suka lafa, aka bar kalangu shi kaɗai, mawaƙi ya shiga kiran mutane. Ya kira ni na amsa. Ya kira Bello ya amsa har da juyi. Sai ya ce, "Lawali ɗan Bakura!"

Aka ce, "Na'am."

Muryarsa ce, ba na ko tantama. Amma ba daga cikin taro ta zo ba, ba kuma daga lasifika ba. Ta zo da kauri, ta tafi ta dawo, kamar yadda murya ke yi a wuri ɗaya tak da na sani a duniya. Wata nawa na yi ina jin wannan amon kullum. Na duba gabas da yamma, babu hular da aka ɗaga. Tsikar jikina ta tashi, ga rana ba ta faɗi ba, ga mutane na ta rawa a gefena.

Bello ya riƙe mini hannu. "Isiyaku, ka jiya?"

"Na jiya."

"To ina shike? Wagga murya ai ta cikin rami ta."

Na sa hannu a aljihu na taɓa lamba biyu. A nan ne na tuna ban ga fitar Lawali da idona ba, kuma allon da Helma zai duba babu komai a jikinsa.

Ban san yadda na keta taron ba. A bakin ƙofar filin na samu wani makanike da na sani da babur, na ce masa rai ne, bai tambaye ni na wa ba. Duk tsawon hanya ba abin da nake sai salati. Tsoro nake ji irin wanda ban taɓa ji ba, don na san in ruwan nan ya cika ramin, ba wanda ya kashe Lawali sai ni.

Mun tarar da Helma Mudi ya riga ya soma murɗa ƙofar, ruwa ya fara shiga.

"Mi yak kawo ka? Kiɗin ya ƙare?"

"Helma, don Allah ruhe ruwan ga! Akwai mutum ciki."

"Wane mutum? Sau biyu na duba allo, babu kowa."

Na buɗe masa tafin hannuna. Ya dubi lambobin, ya dube ni. Ya juya ƙarfen murɗa ƙofar baya da dukan ƙarfinsa, sannan ya ɗauki cocila ya shige gabana.

Ruwa ya kai mana ƙwauri. Muna tafe muna kira, muryarmu kawai ke dawo mana. Sai da muka wuce tsakiya muka samu Lawali zaune jingine da bango, katakon da muke hawa ya rufto masa a ƙafa ya karya ta, ruwa ya kai masa ƙugu. Ya yi ta ihu tun ƙarfe uku har murya ta tafi. Ko da muka ɗaga katakon, sai da na kai kunnena bakinsa na ji abin da yake faɗi.

"Kun daɗe," in ji shi. "Na ji kiɗi kamar gabana aka yin shi. Da anka kira ni na amsa, ban sani ba ko kun jiya."

Ni ba mutum ba ne mai son labarin iskoki, kun san ni. Na ce a raina zafin ciwo ne. Amma muna ɗauke da shi zuwa bakin rami sai ya soma rera wani kiɗi a maƙoshi, yana hawa yana sauka a hankali. Sabon nan ne na ranar, wanda ba a taɓa kaɗa shi a Mafara ba sai bayan la'asar ɗin nan. Daga ramin zuwa filin kuwa tafiya ce mai nisa ko a kan babur. Na kusa sakin sa.

An dakatar da ni mako biyu, kuma na cancanci fiye da haka. Helma Mudi bai taɓa tambayata yadda aka yi na sani ba. Abin da kawai ya ce mini shi ne, "Allon ga ba ƙarya shikai ba, sai in an sa shi." Lawali ya warke da ɗingishi, ya koma noman albasa a Bakura. Mun ci gaba da zuwa filin ni da Bello na ɗan lokaci, amma na roƙi mawaƙin ya daina kiran sunan wanda bai gani da idonsa ba.

Abin da ya faru a filin, Allah ne masani, ni ban iya fassara shi. Abin da na iya faɗa muku shi ne na aiki. Duk ƙa'idar da kuka ga ta yi kama da ɓata lokaci, ran wani aka rataya a jikinta, kuma mafi yawan lokaci ba maƙiyi ne ke karya ta ba, aboki ne mai son ya rage maka wahala. Shekara talatin na ƙara a aikin ruwa bayan wannan rana. An roƙe ni, an yi fushi da ni, an ce na cika tsanani, amma hannuna bai sake taɓa lambar wani ba, ko da kuwa mai ita yana tsaye a gabana.