Haniya Na Ji, Hanya Na Fassara

Ni ne wawan labarin nan, gara in faɗa da bakina kafin Mama, matata, ta riga ni. A Fadan Kaje ana ce mini Ticha, alhali a aji huɗu na tsaya. Masinja na yi a firamare, Turancin ta taga na tsince shi.

Jikata mai shekara tara ta faɗi da kekena, kan keken ya buge ta a ciki. Ba jini, sai wata shaida a zagaye. Kwana biyu sai ga ƙullutu kamar ƙwai a wurin: ta yi tari ya fito, ta kwanta ya ɓace. Abin ya ɗaure mini kai, amma Ticha ba ya cewa bai sani ba. Na nemo tsohon kobo na ɗaure mata da ƙyalle, yadda ake yi wa jariri mai cibiya.

Ranar Lahadi bayan sujada wata nas ta duba, ta ce da Turanci haniya ce, mu tafi asibitin Kafanchan. Mama ta tambaye ni ma'anar. Na gyara murya na ce hanya ake nufi, wato laifin ramukan hanyarmu ne, zai wuce. Ni kaina ina ta mamakin yadda hanya ta shiga cikin yarinya.

Kwana uku bayan haka ƙullutun ya yi tauri, ya ƙi komawa, ta fara amai. A asibiti likita ya yi mini bayanin haniyar da Hausa: fata ba ta yage ba, naman ƙarƙashinta ne ya yage, hanji ya leƙo ya maƙale. Na ce irin wannan ai ciwon tsofaffi ne. Ya ce keke ba ya duba shekaru, kuma da mun ƙara kwana, da hanjin ya ruɓe. Aka shiga da ita tiyata aka ɗinke. Na zauna a benci, kobon a hannuna, addu'ar ma na kasa haɗa ta.

Ubangiji ya yi jinƙai, ta warke. 'Yan'uwa, in yaro ya bugu a ciki, kada rashin jini ya ruɗe ku. Kalmar da ba ku gane ba kuma, ku tambaya.

Da muka dawo na ce wa Mama ai haniya da hanya harafi ɗaya ne tsakaninsu. Ta ce, "Ticha, hanya ɗaya aka nuna maka, ta asibiti, ita ma kwana uku ka yi kana ɓata."